A Bar Wuta Tana Ci A Murhun Tsohon Gida

Ran nan da maraice, bayan mun tashi daga karatun labarin ƙasar Ingila, muka yi gardama ni da wani abokina ɗan ajinmu a kan wani tsohon gidan giya na ƙauye wanda a ke kira Fleece. Har aka kaɗa ƙararrawar abinci ba wanda ya ka da wani cikinmu. Saboda haka na ga ya kamata in kawo maganar cikin wannan mujalla tamu, domin malamanmu da sauran 'yan'uwa su ji, su raba mu.

Tun da fari in faɗa muku, ni ba mashayi ba ne, ba na kuwa kiran kowa ga abin da addininmu ya haramta. Amma wanda ya ke son sanin halin wata al'umma tilas ya leƙa inda mutanenta su ke taruwa, ko da shi ba zai zauna ba. Mutanen ƙauyukan Ingila kuwa tun zamanin kakanninsu wuraren taruwarsu biyu ne, coci da gidan giya.

Ga abin da abokina ya ce. In dai don tsufa a ke girmama wannan gida, to, a sallami mashaya, a kashe wuta, a gitta igiya a bakin ɗakuna, a mai da shi gidan tarihi, mai son kallo ya biya ya shiga ya fita. Ni kuwa na ce ranar da aka yi haka an kashe gidan ke nan, ko da bangonsa ya ƙara shekara dubu a tsaye. Kafin in kawo hujjata, bari in ba ku asalin gidan, don kada ku yi hukunci a kan abin da ba ku sani ba.

Gidan yana cikin ƙauyen Bretforton, a lardin Worcestershire, kamar mil 4 daga garin Evesham. Wani manomi da a ke kira Byrd ya gina shi wajen farkon ƙarni na 15, watau yau kimanin shekara 600 ke nan. Dogon gida ne na ginshiƙan katako, irin wanda manoman wancan zamani su ke yi, iyali su zauna a gefe guda, dabbobi su kwana a ɗaya gefen, rufi ɗaya ya lulluɓe su duka. Ma'anar sunan da ya ke amsawa yanzu gashin tunkiya da aka sausaye. Irin wannan suna yana da yawa a wannan yanki, don kuwa ulu shi ne babban arzikin Ingila a zamanin da, har yau shugaban Majalisar Dattawansu a kan wani babban matashi cike da ulu ya ke zama, don tunawa da haka.

Fiye da shekara 400 gidan yana gidan noma. Giya kuwa, in an dafa ta, ta mutanen gida ce da 'yan ƙwadago, kamar yadda a ke yi a kowane gidan manomi. A wancan lokaci dafa giya aikin mata ne, kuma abinci a ke ɗaukarta, shi ya sa wajen shekara ta 1266, zamanin Sarki Henry na Uku, aka yi doka guda wadda ta haɗa burodi da giya, ta ɗaure kuɗinsu da kuɗin hatsi. Matar da ta dafa fiye da bukatar gidanta sai ta kafa sanda a bakin ƙofa, masu wucewa su gane akwai ta sayarwa. Cikin 1393 Sarki Richard na Biyu ya tilasta wa masu sayarwa su rataya alama, don ma'aikatan da ke ɗanɗana giya su san inda za su. Da ya ke yawancin mutane ba su iya karatu ba, sai aka riƙa yin alamar da hoto, wani ya zana zaki, wani kambi, wani tunkiya. Asalin sunayen gidajen nan ke nan. Da aka yi ƙidaya cikin 1577 aka sami ƙananan gidajen giya 14,202 a Ingila da Wales, da masaukan matafiya 1,631, da gidajen ruwan inabi 329.

Cikin 1830 Majalisa ta yi wata doka wadda ta ba kowane mai gida da ke biyan haraji izni ya dafa giya ya sayar, in dai ya biya fam 2 da sule 2 a shekara. Kafin shekarar ta fita an buɗe sababbin gidaje fiye da 24,000. A cikin wannan zamani ne, shekara ta 1848, zuriyar Byrd suka karɓi takardar izni, gidan noma ya zama gidan jama'a. Bai fita daga hannun zuriyar ba sai 1977, sa'ad da wata tsohuwa mai suna Lola Taplin, wadda ita ce ta ƙarshe da ta riƙe shi, ta rasu. Ta bar wasiyya a ba da shi ga National Trust, ƙungiyar da aka kafa cikin 1895 don adana tsofaffin gidaje da filayen ƙasar. Wata doka ta 1907 ta ba wannan ƙungiya ikon ta ɗaure abin da ke hannunta yadda ba mai iya sayar da shi, kusan kamar yadda mu ke yin wakafi. Ƙungiyar ba ta kulle gidan ba. Ta ba da shi haya ga wanda zai riƙe shi, ya hura wuta, ya dafa abinci, ya karɓi baƙi. A ganina ta yi daidai, ga kuwa dalilina.

Ku dubi abubuwan da suka sa a ke zuwa gidan nan daga nesa. Za ku ga yawancinsu abubuwa ne da ba su ajiyuwa.

Na farko giyar kanta. Irin wadda a ke alfahari da ita a gidajen ƙauye ba kamar ta kwalba ba ce. Ana jiƙa sha'ir ya tsiro, a busar, a niƙa, a dafa, sa'an nan a zuba furen wani tsiro mai yaɗo da a ke kira hof, wanda ke ba ta ɗaci ya kuma hana ta saurin lalacewa. Wannan fure daga wajen ƙasar Holan ya shigo musu, aka fara nomansa a lardin Kent cikin ƙarni na 16, daga baya Worcestershire ma ta yi suna wajen nomansa. Kafin zuwansa giyarsu kwana kaɗan ta ke yi ta yi tsami. To, ko da hof, irin wannan giya ana ɗura ta a ganga ne tun yistinta yana da rai, ba a tace ta ba, ba a kashe ta da zafi ba. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan da za a sha ta ta ke ƙarasa nuna, cikin sanyi na awo 11 zuwa 13. Mai riƙon gida shi zai kwantar da gangar, ya jira ta lafa, ya san ranar buɗewa. Ganga ta galan 9 in an buɗe ta, iska ta shiga, kamar kwana 3 ke gare ta, in ba a shanye ba sai zubarwa. Wannan sana'a ta kusa mutuwa sa'ad da manyan kamfanoni suka koma ga giyar da aka tace aka cusa mata iska, har waɗansu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA cikin 1971 don su tsare ta. Mu da ba mu sha, ba ruwanmu da daɗinta. Abin lura a nan shi ne, ilmi ne da ke hannun mutum, kuma ba ya zama sai inda akwai masu shigowa kullum. A gidan tarihi sai dai a ajiye gangar wofi a rubuta takarda a manna.

Na biyu abinci. Kwarin Evesham ƙasar lambu ce, ta yi suna wajen tuffa da sauran 'ya'yan itatuwa, amma abin da ta fi tinƙaho da shi wani tsiro ne da a ke kira asfaragas. Yana fitowa daga ƙasa tsaye kamar yatsa, kore, da ɗan tsini a kai, a yanke shi da wuƙa tun bai yi reshe ba, a dafa kaɗan a ci da man shanu. Bisa al'ada lokacinsa daga 23 ga Afrilu ne zuwa 21 ga Yuni, daga nan sai a ƙyale shukar ta huta. Da an yanke shi zaƙinsa ya fara raguwa, shi ya sa masu shi ke cewa a ci shi ranar da aka yanka. Cikin 2016 Tarayyar Turai ta sa sunansa cikin jerin abincin da doka ta tsare, ba mai iya kiran nasa na Evesham sai wanda ya noma shi a can. Kowace shekara, wajen ƙarshen watan Mayu da farkon Yuni, a farfajiyar Fleece a ke yin gwanjonsa. Ana ɗaure shi dami dami, babban dami ana kiransa ɗari ko da ya ke tsinke 120 ke cikinsa. Kuɗin da aka samu yana tafiya ga ƙungiyar masu bushe-bushe ta ƙauyen. Kun ga manomi ya kawo amfanin gonarsa, baƙi sun saya, makaɗan gari sun sami abin gyaran kayan busarsu, duk a tsakar gida guda. Sauran abincin gidan na ƙauye ne, nama da aka naɗe cikin ƙullin alkama aka gasa, da dankalin Turawa, da burodi da cuku. Waɗansu da naman alade a ke yinsu, Musulmin da ya je sai ya tambaya kafin ya sa hannu.

Na uku wani camfi ne. A gaban kowane murhu na gidan akwai da'irori da a ke zanawa da alli a daɓe, wai don kada mayu su sauko ta bututun hayaƙi. Tsohuwar nan Lola ta riƙe wannan al'ada, ta kuma so a ci gaba da ita bayanta, aka kuwa ci gaba. Ba na tsammanin akwai mai hankali cikinmu da zai gaskata alli yana korar maye. Amma ku duba, alli ba ya daɗewa a inda ƙafa ke takawa, sai wani ya durƙusa ya sake zanawa. Ta haka abin da mutanen da su ke tsoro ya iso gare mu ta hannu zuwa hannu, ɗalibin tarihi kuma ya ga yadda zukatansu su ke.

Abu ɗaya kaɗai na sani a gidan wanda za a iya sa wa cikin akwatin gilashi, shi ne jerin akusa da farantai na kuza da ke bisa kanta a ɗaki guda, waɗanda sun haura shekara 300. Ana ba da labari wai Oliver Cromwell ne ya bar su a kan hanyarsa ta zuwa yaƙin Worcester cikin 1651. Wannan zancen baka ne, irin wanda kusan kowane tsohon gida a Ingila ya ke da nasa, ban kuwa jingina hujjata a kansa ba.

Yanzu bari in ba abokina haƙƙinsa, don yana da hujjoji uku, ba kuwa na banza ba ne.

Ya ce wutar da na ke so a bari tana ci, ai ita ce ta kusa cinye gidan. Gaskiya ne. Cikin watan Fabrairu 2004 tartsatsi daga bututun hayaƙi ya kama rufin ciyawa, gobara ta yi ɓarna mai yawa. Amma me ya biyo baya? An tsira da kayan kuzan nan, aka kira magina da masassaƙa masu sanin aikin da, aka gyara, aka sake buɗewa cikin 2005. Gida ne mai mutane, shi ya sa da ya faɗi aka sami masu ta da shi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku gwada wannan da labarin wani gidan giya da a ke kira Crooked House a lardin Staffordshire. Shi ma gidan noma ne, an gina shi cikin 1765, haƙar ma'adinai a ƙarƙashinsa ta sa ya karkace har gefe ɗaya ya fi ɗaya nitsewa da ƙafa 4, mutane suna zuwa daga nesa don kallonsa. Cikin 2023 aka rufe shi aka sayar. Ran 5 ga Agusta wuta ta cinye shi babu kowa a ciki, bayan kwana 2 aka kawo mota mai rusau ta baje abin da ya saura. 'Yan sanda suka ce suna binciken abin a kan wutar ganganci ce. Cikin Fabrairu 2024 majalisar gunduma ta ba da umurni a sake gina shi yadda ya ke, masu shi suka ɗaukaka ƙara. Gida biyu, gobara biyu. Mai murhu da baƙi ya tashi cikin shekara guda da 'yan watanni, wanda aka kulle kuwa ya zama fili cikin kwana biyu.

Ya ce kuma, gidan da na ke yabo ai ba shi ne na Byrd ba, tun da yanzu ga fitilar lantarki, ga madafa irin ta zamani, ga motoci a bakin ƙofa. Wannan ma gaskiya ne, har in ƙara masa. Yawancin abin da baƙo ke zaton tsohuwar al'ada ce a irin gidajen nan sabo ne. Akwai wani farantin burodi da cuku da albasa mai tsami da a ke kira kalacin mai huɗa, wanda ka ji sunan sai ka ce tun zamanin garmar shanu ne, alhali kuwa masu tallan cuku ne suka yayata shi wajen 1960. Dafa abinci sosai a gidajen ƙauye ma tilas ce ta kawo shi. Cikin 1967 aka ba 'yan sanda ikon gwada numfashin direba, wanda ya zo ƙauye da mota ba shi da halin ya sha da yawa, cikin 2007 kuma aka hana shan taba a ciki. Masu gidajen suka ga in ba su koma ga tukunya ba za su rufe. Amma ai wannan gida tun asali haka ya ke yi. Da shanu ke kwana a ciki aka fid da su, da na iyali ne ya zama na jama'a. Wace shekara abokina zai zaɓa ya ce a daskarar da shi a kanta, 1450 ko 1848 ko 1977? Duk wadda ya zaɓa ya yi wa sauran ƙarya.

Hujjarsa ta uku ita ce mafi nauyi, watau ɓarnar giya. A nan ba ni da abin musu. Su kansu Turawan sun san haka, dokar nan ta 1830 sai da suka ɗaure ta cikin 1869, suka mai da ba da izni hannun alƙalai, don abin ya yi yawa. Cikin 2022 mutum fiye da 10,000 suka mutu a Birtaniya saboda cututtukan da giya ce kaɗai sanadinsu. Da a ce kulle Fleece zai rage mutum ɗaya cikin wannan lissafi, da na bi abokina. Amma ga abin da ya faru. Cikin shekara ta 2000 akwai gidajen giya fiye da 60,000 a Birtaniya, zuwa 2024 sun komo wajen 45,000, mutuwar kuwa ba ta ragu ba, ƙaruwa ta yi. Tun 2015 giyar da a ke saya a kanti a kai gida ta fi wadda a ke sha a gidajen jama'a yawa. Watau mashayi bai tuba ba, wuri ya sake. Da yana sha a gaban maƙwabtansa, da mai gida wanda doka ta hana ya sayar wa wanda ya bugu, yanzu yana sha shi kaɗai a ɗaki. Abin da ƙauye ya rasa shi ne zaurensa, inda tsoho marar kowa ya ke samun mai ce masa ina kwana, inda a ke taron biki da na makoki, inda mai shan shayi da mai shan ruwan tuffa ma su ke da kujera.

Mutanen ƙauyukan sun gane haka. Cikin 2003 mutum fiye da 100 suka haɗa kuɗi suka sayi gidan Old Crown na ƙauyen Hesket Newmarket a arewacin Ingila, don kada ya faɗa hannun wanda zai rufe shi. Cikin 2011 aka yi doka wadda ta ba jama'ar gari dama su rubuta irin wannan gida a kan abin amfanin kowa ne, in mai shi ya tashi sayarwa a dakata har wata 6 su nemi kuɗi. Waɗansu gidajen yanzu har kanti da gidan waya suna ciki. Ba wanda ke sa guminsa haka don abin kallo.

Ban ce gidan tarihi ba shi da amfani ba. Takobi da tsohon littafi da rigar sarki can ne wurinsu, don hannu yana cinye su. Amma gida dabam ne. Kowa cikinmu ya san ɗakin ƙasa da aka kulle aka yi tafiya. Ba mai share indararo, ba mai yaɓe kafin damina, ba mai ganin gara ta fara hawa azara, shekara kaɗan sai ka tarar da kango. Wanda a ke kwana a ciki kuwa, ko ya fi shi tsufa, yana nan tsaye, don ɗigon farko ya faɗo a kan wani. Yawancinmu nan gaba kaɗan za mu fita mu zama malamai, waɗansu kuma za a nemi shawararsu a kan tsofaffin gine-ginen garuruwansu. In ranar ta zo, ina roƙonku kafin ku ce a kawo kwaɗo a kulle, ku fara tambaya wane aiki ginin zai ci gaba da yi, wa kuma zai kwana a cikinsa.

Abokina har yanzu yana kan bakansa, ya ce zai ba ni amsa a fitowa ta gaba. Ina roƙon Edita ya ba shi fili kamar yadda ya ba ni, ku kuma ku auna maganganunmu. In na yi kuskure malamaina su gyara mini. Allah ya sa mu dace, amin.